Kisan yayana hukuncin Allah ne a kan gidanmu?

Malamin Firamare, Zuru

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau na zo da damuwar da ta fi ƙarfin tunanina, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya amsa mini daga Littafi Mai Tsarki, domin maganganun da aka saba faɗa a wurin gaisuwar mutuwa na riga na ji su har na gaji.

Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana a gonarsa da ke yankin Danko-Wasagu, lokacin yankan dawa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ƙaramarsu ko yaye ta ba a yi ba. Mutum ne da ba ya fashin sujada, shi ne yake kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa tun muna samari, kuma kowace shekara damin farko na gonarsa coci yake kai wa ranar godiyar kaka. Ba na cewa ba shi da zunubi, amma da za a tsayar da mu biyu a ce a nuna wanda ya fi tsoron Allah, ni da kaina shi zan nuna.

A kwana na uku na zaman makoki wani mai wa'azi, wanda ba fastonmu ba ne, ya zo gaisuwa. Bayan ya yi addu'a sai ya ce wa mahaifiyarmu a gaban jama'a wai Allah ba ya kuskure, irin wannan mutuwa ba ta faɗa wa gida haka kawai, saboda haka mu binciki kanmu. Ya kawo Fitowa 20:5, inda aka yi maganar hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu, ya kuma tuna mana cewa kakanmu mai tsafi ne har ya koma bai tuba ba, abin da kowa ya sani a garinmu. Daga nan ya hana matan gida kuka, ya ce mai bi ba ya kuka kamar marasa bege.

Tun daga ranar mahaifiyarmu ba ta sake taka ƙofar coci ba. Ba ta yi saɓo ba, ba ta kuma ce ta bar bangaskiya ba, sai dai da dare takan zauna tana lissafa laifofin da take tsammani ta yi, har da na lokacin da take budurwa, tana neman wanda ya ci mata ɗa a cikinsu. Ni kuma ina zuwa sujada, amma idan aka ta da waƙar godiya bakina ba ya buɗewa.

Abin da nake so in sani shi ne, shin kisan yayana hukunci ne a kan gidanmu saboda kakanmu ko saboda wani laifi namu? Idan kuwa ba hukunci ba ne, to, mene ne amfaninsa, tun da ana koya mana cewa wahala tana da manufa a hannun Allah? Sannan kukan da mahaifiyata take yi har yanzu, rashin bangaskiya ne?

Dattijon Ikkilisiya, Yelwan Yawuri

Ɗana, sannu da haƙuri, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya riƙa muku marayun da aka bari. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce ƙayar da ta soki mahaifiyarka, kuma sai an cire ta sauran magana za ta shiga.

Abin da mai wa'azin nan ya faɗa ba sabuwar magana ba ce, akwai littafi guda a cikin Littafi Mai Tsarki mai sura 42 da ya tsaya a kanta, wato littafin Ayuba. Duk mutumin ƙasarmu da ya karanta surar farko a wannan zamani zai ji kamar labarin jiya ne. Mahara Sabiyawa suka faɗa wa gona ana cikin huɗa, suka kore shanu da jakuna, suka karkashe ma'aikata. Kaldiyawa suka kasu kashi uku suka kwashe raƙuma 3,000. Kafin mai kawo wannan labari ya rufe baki, wani ya iso da labarin cewa gida ya rushe a kan 'ya'yansa goma. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo ta'aziyya, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan shirun shi ne aiki mafi kyau da suka yi a littafin gaba ɗaya. Da suka buɗe baki sai suka ɓata. Elifaz ya tambaye shi ko ya taɓa ganin marar laifi ya hallaka. Bildad ya ce a sura ta 8 wai 'ya'yansa ne suka yi zunubi aka sāka musu, ka ji maganar da ake faɗa wa uban da bai gama binne 'ya'yansa ba. Da aka kai sura ta 22, Elifaz da ya rasa laifin da zai kama sai ya ƙirƙiro, ya ce Ayuba ya kori gwauraye hannu wofi. Haka wannan koyarwa take kai mai ita, idan ya yarda cewa kowace masifa sakamakon laifi ce, to dole ya nemo laifin ko da babu shi, kuma abin da mahaifiyarka take yi wa kanta da dare ke nan.

Ka duba yadda shari'ar ta ƙare a Ayuba 42:7. Allah ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Mutanen da suke ganin Allah suke kārewa su ne aka ce su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, kuma sai wanda suka tuhuma ya yi musu addu'a kafin a karɓe su.

Ubangijinmu Yesu ma an kawo masa irin wannan tambaya sau biyu. A Yahaya sura ta 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. A Luka sura ta 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Ka lura, ɗaya kisan gilla ne na mai takobi, ɗaya kuma haɗari ne, amma duka biyun amsarsa ɗaya ce, waɗannan ba su fi sauran mutane zunubi ba. Sai ya juya maganar kan masu tambaya, ya ce in ba ku tuba ba duk za ku hallaka. Wato idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, naka za ka shafa wa ruwa, ba za ka tsaya kana binciken abin da ya yi wuta ta kama shi ba. Mai wa'azinku ya juya ayar baibai, da ya kamata ya fita daga gidanku yana binciken kansa.

Mu a nan bakin kogi mun ga wannan da idonmu a watan Mayu na 2021, sa'ad da jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. A watan da ya biyo baya 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu, yankin da yayanka yake noma. Wane ne zai iya tsayawa a gaban Allah ya ce duk waɗannan sun fi mu da muka kwana lafiya laifi?

Batun kakanku kuma, ka sake karanta ayar Fitowa har ƙarshenta, za ka ga tsara ta uku da ta huɗu da ake magana ta waɗanda suke ƙin Allah ce, aya ta 6 kuma ta yi alkawarin jinƙai ga dubbai na masu ƙaunarsa. Yayanka yana cikin wane layi? A zamanin Ezekiyel mutane suna da karin magana cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu, sai Allah ya hana su faɗarta. Sura ta 18 ta kawo misalin ɗan da ya ga zunuban mahaifinsa bai bi sawunsa ba, ta ce ba zai mutu saboda laifin mahaifinsa ba. Joshuwa 24:2 kuma ta faɗa mana cewa Tera, mahaifin Ibrahim, gumaka yake bauta wa. Bishara ba ta wuce wajen shekara ɗari da shiga ƙasar Zuru ba, saboda haka da wuya ka sami gidan da kakansa ko kakan kakansa bai taɓa tsafi ba, har da gidan shi mai wa'azin. Ka karanta wa mahaifiyarka Romawa 8:1 da Galatiyawa 3:13, ka gaya mata babu sauran hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, la'anar da take tsoro an riga an ɗauke ta a kan gicciye.

Ɗalibin Tauhidi, Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, ina yi muku ta'aziyya. Baba, na yarda da abin da kuka faɗa game da wannan gida, amma da izininku zan ƙara wani gefe, domin ina tsoron kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa Allah ba ya hukunci a wannan duniya ko kaɗan, alhali Littafi bai ce haka ba.

Jaririn da Batsheba ta haifa wa Dawuda ya mutu, kuma 2 Sama'ila sura ta 12 ta danganta mutuwar da zunubin Dawuda kai tsaye. Hananiya da Safiratu sun faɗi matattu a Ayyukan Manzanni sura ta 5 saboda ƙarya. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa waɗansunsu suna rashin lafiya, waɗansu ma sun mutu, saboda yadda suke wulakanta Jibin Ubangiji. Mutumin da ya yi shekara 38 yana kwance a bakin tafki, bayan Yesu ya warkar da shi ya gargaɗe shi kada ya ƙara zunubi don kada abin da ya fi wannan muni ya same shi. Littafin Makoki kuma, wanda aka rubuta a kan faɗuwar Urushalima a hannun Babila wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, bai ɓoye cewa zunubin birnin ne ya jawo abin ba.

Sai dai akwai abin da ya haɗa waɗannan wurare, wanda shi ne ya rushe maganar mai wa'azin. A yawancinsu an ambaci laifin da sunansa, kuma Allah ne ya bayyana shi. Natan bai ce wa Dawuda ya je ya binciki kansa ba, ya ce masa kai ne mutumin, ka kashe Uriya ka ɗauki matarsa. Irmiya ya ce a sura ta 25 ya yi shekara 23 yana faɗakar da mutanen Yahuza ba su ji ba. Ba a bar kowa cikin duhu yana laluben abin da ya yi ba. Uban kirki ba ya dukan ɗa ya bar shi ya yi ta cankar dalili. To, wanda ya shigo gidan makoki ya ce akwai laifi amma bai san ko wanne ne ba, ba annabci yake yi ba, zato yake yi, ya kuma rataya wa Allah.

Haka kuma ya kamata mu raba hukunci da horo. Ibraniyawa sura ta 12 ta ce Ubangiji yana horon wanda yake ƙauna, kuma mutanen da aka rubuta wa wasiƙar ba don sun yi laifi suke shan wuya ba, tsanani ne ya same su har aka ƙwace musu dukiya, kamar yadda sura ta 10 ta nuna. Horo a nan ya fi kusa da tarbiyya, irin wadda ake ba ɗa don ya girma, ba bulalar alƙali ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. A gidanku an yi maganar hukunci, amma an tsallake waɗanda suka harbi mutum a gonarsa, aka nufi tsohuwar da ta haife shi. Idan ana neman mai laifi a wannan mutuwa, ai ba a ɓoye yake ba: wanda ya ɗana bindiga, da wanda ya kai masa labarin inda manoma suke, da wanda yake sayar masa da man fetur da harsashi, da mai iko da aka ba takobi bisa ga Romawa sura ta 13 ya bar shi a kube. Allah ya ce wa Kayinu jinin ɗan'uwansa yana yi masa kuka daga ƙasa. Habakuk ya yi gardama da Allah a kan yadda yake shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci, aka kuwa amsa masa a sura ta 2 da kaito har sau biyar a kan masu kwasar ganima da masu gina gari da jini. Ga wanda aka zalunta, koyarwar hukuncin Allah ta'aziyya ce, domin tana nufin ba a rufe shari'ar yayanka ba ko da babu kotun duniya da ta saurare ta.

Maman Zumunta, Gusau

Ɗana malami, sannunku da rashi. Ni ban yi makarantar tauhidi ba, abin da zan faɗa daga zaman takaba na koye shi da kuma Littafin da nake karantawa da asuba. An ɗauke maigidana a hanyar Tsafe a shekarar 2021, gab da lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba, muka yi makonni ba mu san halin da yake ciki ba, daga baya wanda suka tsere tare ya kawo mana labarin cewa ya rasu a daji. Ko gawarsa ban gani ba. Saboda haka abin da mahaifiyarka take ji ba baƙo ba ne a wurina.

Wanda ya hana matan gidanku kuka rabin aya ya karanta. A 1 Tasalonikawa 4:13 Bulus bai ce kada a yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada a yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Yesu ya tsaya a kabarin Li'azaru, ya san nan da ɗan lokaci kaɗan zai tashe shi, duk da haka ya yi hawaye. Da aka jajjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki mai zafi, ba wanda ya ce musu bangaskiyarsu ta yi rauni. Yakubu ya ƙi ta'azantuwa a kan Yusufu. Na'omi ta koma Baitalami ta ce wa matan gari kada su ƙara kiranta Na'omi, su kira ta Mara, domin Mai Iko Dukka ya ɗaɗa mata ɗaci, kuma babu inda aka tsawata mata a kan wannan magana. A watannin farko Zabura ta 88 ce kaɗai nake iya karantawa, domin ita ba ta juya ta zama waƙar yabo a ƙarshe kamar sauran ba, da duhu ta rufe. Na yi mamaki da na ga Allah ya bar irin wannan addu'a a cikin littafinsa, daga nan na gane ba sai na yi masa ƙaryar cewa ina lafiya ba.

Game da amfanin wahala, ina roƙonka ka yi hankali da Romawa 8:28. Ayar gaskiya ce, na kuma dogara da ita yau, amma a makon farko duk wadda ta karanta mini ita ji nake kamar ta zuba mini barkono a gyambo. Ayar ba ta ce kisa abu ne mai kyau ba, ta ce Allah yana juya al'amura duka su zama alheri ga masu ƙaunarsa, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tazara mai nisa. Ka tuna da Yusufu. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, amma maganar nan tasa cewa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta Allah kuwa ya nufe shi da alheri tana Farawa sura ta 50, bayan rasuwar Yakubu, kusan shekara 40 da faruwar abin. Shi wanda aka jefa a rijiya shi ne ya faɗe ta da bakinsa, ba wani mai wucewa ne ya leƙa rijiyar ya faɗa masa ba. Ko a lokacin ma bai sauya wa abin suna ba, mugunta ya kira shi.

Idan ka tambaye ni abin da rasuwar maigidana ta haifar, zan iya nuna maka abu ɗaya tak. Yau idan aka yi irin wannan rashi a unguwarmu, ni ake aikowa a kira, har maƙwabtana Musulmi, domin wannan masifa a Zamfara ba ta tambayar addinin kowa, kuma su ne ma suka fi yawan binne mutane. Nakan je in zauna, ba na yawan magana. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa sura ta 1 ana ta'azantar da mu domin mu ta'azantar da waɗansu da irin ta'aziyyar da muka samu. Amma kada ka ɗauka ina cewa don haka aka kashe shi. Da za a ba ni zaɓi, mijina zan karɓa in mayar da wannan baiwa. Dalilin kansa ban san shi ba, Ayuba ma da Allah ya yi masa magana daga sura ta 38 zuwa ta 41 ba a gaya masa abin da ya faru a surori biyu na farko ba.

Mahaifiyarka kuma kada ku ja ta zuwa coci da ƙarfi, kada kuma ku sa ta a gaba da wa'azi. A gaban jama'a aka kunyata ta, ƙila shi ya sa idon jama'a yake yi mata nauyi. Ka sami shugabar zumuntar mata ku yi magana, mata biyu ko uku sa'anninta su riƙa zuwa da yamma, su taya ta tsince wake ko sussukar gero, in ta so waƙa a yi, in ba ta so ba a bari. Ku riƙa ambaton sunan yayanka a gabanta, domin shirun da ake yi don kada a tuna mata yakan sa uwa ta ga kamar an manta da ɗanta. Fastonku kuma ya kamata ya gyara maganar nan a fili, tun da a fili aka ɓata ta. Sannan ban ji ka faɗi halin da matar yayanka take ciki ba. Damina ta kusa, wa zai nome mata gona, kuma a wane wuri, tun da can ba ya shiguwa? Kada dangi su raba abin da ya bari su bar ta da yara huɗu. Yakubu 1:27 ta ce addini mai tsarki shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu.

Dattijon Ikkilisiya, Yelwan Yawuri

Ɗalibi, ka gyara mini daidai, ban kuma ji haushi ba. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Sa'ad da aka washe birnin Roma a shekara ta 410, mutane sun yi ta tambayar abin da ya sa masu bi suka sha wuya tare da kowa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya amsa da misalin wuta, ya ce wuta ɗaya ce take sa zinariya ƙyalli ta kuma sa ƙaiƙayi hayaƙi, wato daga irin masifar da ta sami mutum ba za ka gane matsayinsa a wurin Allah ba. Shi kansa ya rasu a shekara ta 430 mayaƙa suna kewaye da garinsa. A Wahayi sura ta 6 kuma, waɗanda aka kashe suna ƙarƙashin bagade suna tambaya har yaushe za a jinkirta sāka jininsu, ba a tsawata musu ba, aka ba su fararen riguna aka ce su ɗan ƙara jira. Idan waɗanda suke gaban Allah suna tambayar har yaushe, ban ga laifin tsohuwar da take Zuru ba in ta tambaya.

Malamin Firamare, Zuru

Baba, Mama, da ɗan'uwa ɗalibi, na gode, Ubangiji ya sāka muku. Na jinkirta amsa ne domin ina so in gwada abin da kuka faɗa tukuna.

Na sami fastonmu, ashe bai san abin da aka faɗa ranar ba domin ya raka waɗansu baƙi a lokacin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce zai zo gida da dattawa biyu, zai kuma yi koyarwa a kan Luka 13 ba tare da ya kama sunan kowa ba. Mama, tambayarku game da matar yayana ta ba ni kunya, domin hankalina duk yana kan mahaifiyarmu. Mun zauna da ƙannena, mun yanke mata wani ɓangare na gonar gado da ke kusa da gari, matasan coci kuma sun yi alkawarin gayya idan ruwa ya sauka.

Daren Talata na karanta wa mahaifiyarmu Ezekiyel 18 da Hausa, na kuma fassara mata da harshenmu na C'lela inda ba ta gane ba. Ta sa na maimaita aya ta 20 sau biyu. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni inda gangar yayana take, na ce tana coci, ta ce kada a bar ta a ƙasa gara ta ci. Ranar Lahadi ba ta je sujada ba, ni ma ban matsa mata ba. Amma kafin in fito daga ɗakinta a daren nan ta ce, to, ta ji ba ita ta kashe shi ba, ba kuma kakanmu ba, sai dai Allah yana ganinsu lokacin da suka shigo gonar, me ya hana ya karkatar da su ta wata hanya? Na tsaya a bakin ƙofa ban sami abin da zan ce mata ba, sai na koma na zauna kusa da ita har barci ya ɗauke ta.